Gado Ɗaya, Ɗalibai Biyu: Laifin Wa Ne In Fotal Ya Tsaya?

Duk shekara idan aka buɗe fotal domin neman ɗakin kwana a jami'o'inmu, labarin kusan iri ɗaya ne. Dubban ɗalibai suna neman gadajen da ba su kai yawansu ba, kowa ya riƙe wayarsa tun kafin lokaci ya cika, da zarar an buɗe kuma sai komai ya tsaya cik. Wani ya ce babu netwok, wani ya ce kwamfutar makaranta ce ta tsufa. A wasu lokutan gaskiya ne. Amma akwai wani dalili na uku da ba a cika ambatonsa ba, wanda kuma shi ne nake son mu duba a wannan rubutu, wato yadda rumbun bayanai yake kulle abin da wani yake taɓawa har sai ya gama.

Ra'ayina a fili yake tun daga farko. Wannan kulle ba cuta ba ce, domin shi ne yake hana a ba mutum biyu gado ɗaya. Sai dai tsawon jiran da yake jawowa, sau da yawa laifin mai rubuta manhaja ne wanda bai san inda rumbun yake rubuta lissafin kullensa ba. Kuma abokanmu da ke karanta ilimin kwamfuta suna iya kammala digiri ba tare da an taɓa tilasta musu su san wannan ba.

Rumbun bayanai shi ne manhajar da ke ajiye bayanai a bayan fotal. Yana tsara su cikin teburori, kamar rajistar malamin firamare: teburin gadaje daban, teburin ɗalibai daban, kuma kowane layi a cikin tebur yana wakiltar gado ɗaya ko ɗalibi ɗaya. Aikin da ya ƙunshi matakai da dama waɗanda dole su tabbata gaba ɗaya ko su rushe gaba ɗaya, shi zan riƙa kira mu'amala. Alal misali, duba ko gado yana nan, rubuta sunan ɗalibi a kansa, da rage yawan gadajen da suka saura, duk mu'amala ɗaya ce.

To, a ce gado ɗaya ya rage, ɗalibai biyu suka danna a cikin daƙiƙa ɗaya. Mu'amalar farko ta duba ta ga babu kowa a kan gadon. Kafin ta rubuta suna, ta biyu ma ta duba ta ga babu kowa. Kowacce ta rubuta nata, kowane ɗalibi ya buga takardar shaida, a cikin rumbu kuwa sunan na ƙarshe ne kawai ya zauna. Ranar shiga ɗaki sai rigima, kuma dukansu biyu suna da gaskiya. Irin wannan ne yake faruwa da kuɗi idan mutum biyu suka cire daga asusu ɗaya lokaci guda. Maganinsa shi ne mu'amalar farko ta sa kwaɗo a kan layin, ta biyu ta jira.

Kalmar kwaɗo tana iya yaudarar mai karatu, domin babu wani ƙarfe a nan. Kwaɗon rumbun bayanai rubutu ne kawai da ke cewa mu'amala kaza ta riƙe abu kaza ta siga kaza. Akwai kwaɗon karatu, wanda mutane da yawa za su iya riƙewa tare tun da babu mai sauya komai, akwai kuma kwaɗon rubutu, wanda mutum ɗaya ne kaɗai zai riƙe. Tun da kwaɗo rubutu ne, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: a ina ake rubuta shi, kuma nawa ake iya rubutawa kafin wuri ya cika?

Matsalar farko da masana suka ci karo da ita ita ce yadda za a haɗa kullen layi da kullen tebur. Mu ɗauki tebur a matsayin kasuwa mai ƙofa ɗaya, layuka kuma rumfunan da ke ciki. Maigadi yana son rufe babbar ƙofa, amma ba zai rufe da mutum a ciki ba. Idan zai zagaya rumfa dubu yana leƙawa kafin ya rufe, gari zai waye bai gama ba. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a ajiye littafi a bakin ƙofa, duk ɗan kasuwar da zai shiga ya buɗe rumfarsa sai ya fara sa hannu. Sa hannun Audu ba ya hana Ngozi sa nata, domin kowa rumfarsa ya nufa. Maigadi kuwa littafin kawai zai duba ya san ko akwai mutum a ciki.

Wannan sa hannu shi ne kwaɗon niyya. Kafin mu'amala ta kulle layi, sai ta fara ɗora wa teburin duka wata alama mara nauyi da ke cewa tana da niyyar kulle wani abu a ciki. Alamun niyya ba sa karo da juna, amma suna karo da wanda ya zo neman kulle tebur gaba ɗaya. Jim Gray da abokan aikinsa a ɗakin binciken kamfanin IBM da ke San Hose a Amurka ne suka bayyana wannan tsari a tsakanin 1975 da 1976, lokacin da suke gina rumbun gwaji mai suna System R. Gray ya sami lambar yabo ta Turing a 1998, ya kuma ɓace a teku a watan Janairun 2007 bayan ya fita shi kaɗai da jirgin ruwansa daga San Faransisko. Shekara hamsin ke nan da dabarar, har yanzu kuma manyan rumbunan bayanai a kanta suke tafiya ta wata siga ko wata.

Game da kullen tebur kusan bakin kowa ɗaya ne: ana rubuta shi a wani littafi da ke cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, tun da teburori ba su da yawa. A kan kullen layi ne aka rabu, domin layuka suna iya kai miliyoyi.

Tsarin da SQL Server na kamfanin Microsoft ya daɗe a kansa shi ne a rubuta kowane kwaɗon layi a wannan littafi na cikin ƙwaƙwalwa, tare da jerin masu riƙe da shi da jerin masu jira. Amfaninsa shi ne mai kula da rumbu yana iya buɗe littafin ya ga komai. Illarsa kuma ita ce kowane kwaɗo yana cin wuri, kimanin bait 100. Mu'amalar da ta taɓa layi miliyan ɗaya za ta cinye kusan megabait 100 a lissafin kwaɗo kawai. Saboda haka idan umarni ɗaya ya tara kwaɗo wajen 5,000 a kan tebur ɗaya, sai rumbun ya yi ƙoƙarin zubar da su duka ya maye gurbinsu da kwaɗo ɗaya a kan teburin gaba ɗaya. Idan wani ya riga ya sa hannu a ƙofa, yunƙurin ba zai yiwu ba, sai ya sake gwadawa bayan ƙarin kwaɗo 1,250. Mai karatu ya duba abin da wannan ke nufi. Wani ma'aikaci ya ba da umarnin gyara bayanan ɗalibai 6,000 na wata tsangaya da tsakar rana, bai nufi kowa da sharri ba, amma rumbun ya rufe teburin ɗalibai duka, 'yan sauran tsangayoyin da ba su san hawa ba su san sauka ba suna can suna zagin netwok.

Oracle da PostgreSQL sun bi wata hanya dabam, wadda a ganina ta fi hikima. Su a jikin layin suke rubuta kwaɗon, kamar ɗan kasuwar da ya rubuta sunansa da alli a ƙyauren rumfarsa. A PostgreSQL kowane layi yana da ɗan gurbi a kansa mai suna xmax. Mu'amalar da ta kulle layin ko ta sauya shi sai ta rubuta lambarta a gurbin. Wanda ya zo daga baya ya karanta lambar, ya tambaya ko mai ita tana nan da rai. Idan ta riga ta gama, rubutun ya zama tsohon alli, sai ya wuce abinsa. Idan ba ta gama ba, sai ya zauna jiran mu'amalar kanta. Ke nan littafin cikin ƙwaƙwalwa yana ɗauke da sunan mu'amala sau ɗaya, ko da ta kulle layi miliyan goma. Oracle ma kusan haka yake yi: a kan kowane shafin ajiya akwai ɗan jerin mu'amalolin da ke aiki a cikinsa, kowane layi kuma yana da alamar da ke nuna gurbin wadda ta riƙe shi. Shi ya sa waɗannan biyun ba sa mayar da kullen layi ya koma kullen tebur don yawa.

Ba kyauta ake samun wannan ba. Tun da a jikin layi ake rubutu, kulle layi a PostgreSQL yana jawo rubutu a faifai ko da ba a sauya komai ba. Bugu da ƙari, wanda ya buɗe littafin kwaɗo domin ya ga layukan da aka kulle galibi ba zai gan su ba, sai dai ya ga wane yana jiran wane. Duk da haka na fi yarda da tsarin da ke ƙara wa mai aikin nauyi a kan wanda ke rufe wa marasa laifi ƙofa ba zato. Da alama Microsoft ma ta ga haka, domin a 'yan shekarun nan ta kawo wani sabon tsari da ke riƙe kwaɗo a kan lambar mu'amala maimakon tara dubbai a kan layuka. Amma rumbunan da aka kafa tun da daɗewa ba sa sauya hali don an fito da sabo.

Kada kuma a ɗauka masu rubutu a jikin layi sun tsira daga sharrin kullen tebur. PostgreSQL yana da nau'in kullen tebur har takwas, kuma ko mai karatu zalla yana ɗaukar mafi sauƙinsu. Wanda zai sauya fasalin tebur, kamar ya ƙara masa gurbi, shi yake ɗaukar mafi tsanani, wanda ba ya zama tare da kowa. A ce wani yana fitar da dogon rahoto mai cin minti 20. Injiniya ya ba da umarnin ƙara gurbi, umarnin ya shiga layin jira a bayan rahoton. Duk wanda ya zo bayansa, ko da suna ɗaya zai duba, sai ya tsaya a bayan injiniya. Aikin da ba zai ɗauki daƙiƙa ɗaya ba ya tsayar da fotal na minti 20, alhali kwamfuta tana zaune ba ta aikin komai.

Wanda ya fi shafarmu a nan shi ne MySQL, domin da shi yawancin ɗalibai suke gina ayyukansu na shekarar ƙarshe. Tsohon injinsa mai suna MyISAM bai san kullen layi ba sam: mai rubutu ɗaya ya shigo, tebur duka ya rufe. Tun daga fitowa ta 5.5 a shekarar 2010 aka mayar da InnoDB ya zama injin da ake samu kai tsaye, kuma shi yana kulle layi. Yana ajiye lissafin a ƙwaƙwalwa, amma cikin tsimi, domin shafi guda yake yi wa ɗan jadawali inda kowane layi ke da ɗigo ɗaya, don haka ba ya buƙatar komawa kullen tebur. Sai dai yana da wani hali da ya kamata a rubuta a bangon kowane ɗakin kwamfuta. InnoDB ba layin kansa yake kullewa ba, abin da yake kullewa shi ne shigarwar fihirisa da ya bi ta kanta wajen neman layin. Fihirisa a nan kamar ta bayan littafi take, tana kai ka shafin da kake nema kai tsaye. Idan aka ce ya gyara layin ɗalibi mai lambar shiga kaza, kuma babu fihirisa a kan lambar shiga, dole ya bi layukan teburin ɗaya bayan ɗaya, kuma a saitinsa na asali duk layin da ya taka sai ya kulle shi. Gyaran layi ɗaya ya kulle layi 40,000, ya kuma hana a ƙara sabo. Sunan abin kullen layi, amma a aikace tebur aka rufe. Mai jira kuwa zai zauna har daƙiƙa 50 kafin rumbun ya sallame shi da saƙon kuskure. Umarni ɗaya na ƙirƙirar fihirisa ya isa ya hana duk wannan.

Akwai kuma kiki-kaka. Mu'amalar farko ta riƙe layin gado tana neman layin ɗalibi, ta biyu ta riƙe layin ɗalibi tana neman layin gado, babu mai saki. Tun da rumbu ya san wa ke jiran wa, yana iya gano cewa jiran ya zama da'ira. PostgreSQL yana dubawa idan jira ya kai daƙiƙa 1, SQL Server yana zagayawa kimanin kowace daƙiƙa 5, InnoDB kuma nan take yake dubawa. Daga nan sai a rushe aikin ɗaya domin ɗayan ya wuce. Wannan ba lalacewa ba ce, hukunci ne. Abin da ya rage wa mai manhaja shi ne ya riƙa kulle abubuwa bisa jeri ɗaya a ko'ina, ya kuma sake gwada aikin da aka rushe, maimakon ya nuna wa ɗalibi farin allo.

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce ai an gina rumbun ne domin ya ɗauke wa mutum wannan wahala, me zai sa mai rubuta manhaja ya leƙa cikin hanjinsa? Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin direba ba sai ya iya ƙera inji ba. Amma rumbu ba shi yake yanke lokacin da mu'amala za ta ƙare ba. Kwaɗon rubutu yana nan daram har sai an tabbatar da mu'amala ko an warware ta, kuma mai manhaja ne yake faɗin yaushe. Wanda ya kulle layin gado, sannan ya tura ɗalibi shafin biyan kuɗi ya zauna jiran amsar banki da kwaɗo a hannu, ya mayar da jiran ɗan ƙiftawar ido zuwa na mintuna. Babu irin rumbun da zai cece shi, ko na Oracle ne. Hanyar da ta dace ita ce a rubuta a layin cewa an ajiye gadon na ɗan lokaci, a rufe mu'amala nan take, a dawo a buɗe wata bayan banki ya amsa.

Wasu kuma maganinsu ya fi cutar muni. Idan suka ga jira ya yi yawa a SQL Server sai su liƙa wa kowane umarni kalmar NOLOCK, wadda ke cewa a karanta ba tare da kula da kwaɗon kowa ba. Fotal zai yi sauri, ba musu. Amma mai karanta haka yana iya ganin rubutun da ba a tabbatar ba wanda za a warware nan da daƙiƙa ɗaya, yana iya ƙirga layi ɗaya sau biyu, ko ya tsallake wani gaba ɗaya. Ga jerin sunayen da za a kalla a wuce, wataƙila babu damuwa. Ga gado ko kuɗin makaranta ko sakamakon jarrabawa kuwa, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Abin takaici shi ne akwai hanya mai tsafta tun tuni. PostgreSQL tun 1999 yake ajiye tsohon kwafin layi domin mai karatu ya gani ba tare da ya jira mai rubutu ba, SQL Server ma ya sami irin wannan zaɓi tun fitowarsa ta 2005, sai dai a kunna shi.

Matsalar gadonmu ma ba ta buƙatar wata babbar dabara. Maimakon a duba sannan a rubuta a matakai biyu, sai a ba da umarni ɗaya: rubuta sunan wannan ɗalibi a gado kaza, da sharaɗin babu suna a kansa. Na farko ya kulle layin ya rubuta. Na biyu ya ɗan jira, rumbu ya sake duba sharaɗin ya ga bai cika ba, ya amsa cewa bai sauya ko layi ɗaya ba, fotal ya gaya masa an riga shi. Idan kuma kowane gado ya yi, PostgreSQL tun 2016 yana da umarnin SKIP LOCKED, wanda ke tsallake layin da wani ya riƙe ya ɗauko na gaba, MySQL ma ya same shi a fitowa ta 8.0. Ɗalibai ɗari za su iya karɓar gadaje ɗari lokaci guda babu mai jiran wani.

To me ya sa ake ta maimaita kuskuren? A ganina tushen yana wurin yadda ake gwada aikin ɗalibi. Ranar kare aiki, ɗalibi yana zaune shi kaɗai a gaban kwamfutarsa, teburinsa layi goma sha biyu ne, ya shigar da suna, sunan ya fito, aka tafa masa. Mutum ɗaya ba ya karo da kansa, don haka ba a taɓa ganin kwaɗo ba balle a san an manta da shi. Wannan ɗalibin ne gobe za a ba kwangilar gina fotal na asibiti ko na ƙungiyar adashi, inda mutum ɗari biyar za su danna tare.

Abin da nake roƙon malamanmu na sashen kwamfuta ba ya buƙatar ko kwabo. Duk aikin da ya shafi rabon wani abu mai iyaka, gado ne ko kujerar mota ko kuɗi, a sa ɗalibi ya buɗe taga biyu a gaban masu jarrabawa. A taga ta farko ya fara mu'amala ya kulle layi kada ya rufe ta. A ta biyu ya nemi wannan layin. Sannan ya buɗe littafin kwaɗo na rumbun da ya zaɓa, ya nuna da yatsa wa ke riƙe, wa ke jira, da abin da zai faru idan na farko ya tafi cin abinci. Bayan haka a cika masa teburin da layi 50,000, a cire fihirisar, a ce ya sake gwadawa.